Sanyin Ingila da Motar Tsere Mai Rimot: A Ajiye Ta ko A Ci Gaba?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a arewacin Ingila da iyalina. A watan Yuni na saya wa ɗana mai shekara goma sha biyu motar tsere mai rimot, mai aiki da batir, irin mai manyan tayoyi, muka shiga wata ƙungiya mai fili a waje. Duk tsawon bazara lafiya lau. Tun da Nuwamba ta kama komai ya rikice. Batirin da ke yin kusan minti goma sha biyar yanzu da ƙyar yake kai takwas, motar sai santsi a kwana, kuma sau biyu robar da ke riƙe da tayar gaba tana karyewa daga ɗan bugu kaɗan. Jabu aka sayar mana ko sanyi ne? Mu ajiye ta sai bazara? Wani abokina ma cewa yake in sayar in koma mai injin mai."

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko motar ce ke da laifi, ko za a iya ci gaba da tsere cikin wannan sanyin, da kuma ko mai injin mai za ta fi. Na daɗe ina wannan harka a nan Ingila, na yi tsere da masu batir da masu mai, kuma ba a taɓa yin Nuwambar da ban ji wannan kukan daga bakin sabon shiga ba. Kwantar da hankalinka. Duk abin da ka lissafa halin sanyi ne, ban ga alamar jabu a ciki ba. Sanyi yana canja wa batir da roba da mai halinsu, idan suka ji ɗumi su dawo yadda suke. Abin da ke kashe mota har lahira a wannan lokaci danshi ne, kuma shi ne ba ka ambata ba. Zan zo kansa.

Batir

Mafi yawan motocin tsere yanzu da batirin LiPo suke aiki, wato mai sinadarin litiyam, kuma ina kyautata zaton naka irin mai sel biyu ne, wato ƙananan batura biyu a ƙunshi ɗaya, wanda ake rubuta 2S a jikinsa. Kowane sel idan ya cika yana kan volt 4.2, biyun su ba da 8.4. A cikinsa akwai wani sinadari da wutar ke ratsawa daga wannan ɓari zuwa wancan. Idan ya yi sanyi tafiyar sai ta yi nauyi, kamar man shanu da ya kwana a waje. Cajin yana nan, fitarsa ce ke wuya.

Ga abin da ke faruwa a fili. Yaro ya ja totur da ƙarfi, injin ya nemi wuta mai yawa lokaci guda, batirin da ya sandare ya kasa bayarwa da sauri, sai ƙarfinsa ya faɗi na ɗan lokaci. Na'urar ESC, wadda ke tsakanin batir da injin, an saita ta ta yanke wuta idan sel ya sauka zuwa wajen volt 3.2 don kada batir ya lalace. Ita ba ta san sanyi ba, lamba kawai take gani, sai ta yanke. Motar ta tsaya, kai kuma ka ɗauka caji ya ƙare.

Gwajin yana da sauƙi. Ran da ta sake tsayawa a minti takwas, ka zare batirin ka kai shi wuri mai ɗumi, bayan awa guda ka auna da cajarka. Idan ka ga kowane sel yana wajen 3.7 ko 3.8, sanyi ne ya yaudari na'urar. Idan kuwa sel ɗaya ya yi ƙasa sosai da ɗan'uwansa, ko ka ga jikin batirin ya kumbura, to wannan batirin ya tashi aiki, kada a sake sa shi a caji. Kuma ina roƙonka kada ka rage lambar da ESC ke yankewa don a ƙara minti. Mutane suna yi, suna kuma sayen sabon batir kafin Fabrairu.

Ni abin da nake yi, ina da 'yar jakar kula irin ta abincin 'yan makaranta. In zuba ruwan zafi a gorar roba, in naɗe ta da tawul, in jera batura a gefe. Abin da ake so batir ya ji ɗumin ɗaki, wajen digiri 20 zuwa 25, ba ya yi zafi ba. Sai an kira rukuninmu nake ciro shi in sa a mota. Da ya fara aiki shi da kansa yake ɗumama kansa. Kada a ɗora shi kan hita, kada kuma a jefa shi aljihun da ke da makulli ko kwabbai, ƙarfe zai iya haɗa bakin wayoyinsa. Ka kuma tambayi shugabannin ƙungiyarku, don wasu suna da doka a kan ɗumama batir kafin gasa.

Babban hatsarin yana wajen caji. Batirin da ya kai sanyin daskarewar ruwa, wato digiri 0 ko ƙasa, idan aka sa shi a caji, sinadarin litiyam ɗin maimakon ya shige inda ya kamata sai ya taru a sama kamar ɓawo. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa, kuma tana iya kaiwa ga gobara daga baya. Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta biyu. Na bar batura biyu suka kwana a but ɗin mota cikin Janairu, da asuba na jona su a caja haka nan don ina sauri. Ranar ban ga komai ba. Cikin 'yan makonni ɗaya ya kumbura har murfinsa ya buɗe ta gefe, ɗayan kuma bai sake yin ƙarfi ba. Tun daga nan batir a cikin gida yake kwana, kuma ba na caji sai a cikin jakar nan da ba ta cin wuta, ina kuma kusa. Idan za a yi mako ba a yi tsere ba, a bar shi a kan volt 3.8 kowane sel. Cajoji na kirki duk suna da wannan saitin.

Karyewa da santsi

Waɗannan biyun tare suke tafiya. Hannuwan da ke riƙe da taya da nailan ake yin su, a cakuɗa shi da zaren gilas ko na kabon don ya yi tauri. A bazara idan mota ta bugi bututun gefen hanya, hannun yana ɗan lanƙwasawa ya dawo. A digiri biyu ko uku ba ya lanƙwasawa, karyewa yake yi. Ka duba guntun da ya karye idan kana da shi: karyar sanyi fes take fita, bakinta a miƙe kamar an ɓalle alawa, babu wannan zare-zaren da ake gani idan roba ta yi gardama kafin ta rabu. Bodin ma haka, a sanyi yake tsagewa ta wajen ramukan da ake soke shi.

Nailan yana shan ɗan ruwa daga iska, kuma wannan ruwan yana cikin abin da ke ba shi laushi. Gidajenmu na nan kuwa da hita ke aiki dare da rana a bushe suke ƙayau. Shi ya sa tsofaffin hannu suke tsoma sababbin hannuwa a ruwan zafi na wajen minti ashirin kafin su ɗaura. Ina yi, kuma na ga yana rage karyewa, amma ba ya hana ta. Idan kamfanin motarku yana sayar da hannu iri biyu, mai tauri da na gama-gari, na gama-garin za ka ɗaura a hunturu. Ka riƙa barin motar a cikin babbar mota ko rumfa har lokacin tsere ya yi. Abin da ba na so ka yi shi ne sayen hannuwan alminiyam. A ido suna da kyau, mai shago ma zai yabe su. Amma hannun roba da gangan aka bar shi ya zama mai karyewa, don shi ne mai arha. Idan ya ƙi karyewa, ƙarfin bugun sai ya wuce ciki ya fasa gidan giya ko ya lanƙwasa ƙirjin motar.

To me ya sa ake yawan bugun? Saboda taya ba ta kama ƙasa. Robar taya ma tauri take yi a sanyi, ƙananan haƙoranta su daina nutsewa. Yawancin filayen waje a Ingila ciyawar roba ce aka shimfiɗa, kuma da safe za ka same ta da farin sanyi a kai, idan ka taka har ƙara take yi. Zuwa ƙarfe goma ya narke ya zama ruwa, da azahar wurin ya ɗan yi dama-dama, ƙarfe biyu da rabi kuma raɓa ta fara dawowa. A rana ɗaya sai ka yi tuƙi a fili iri uku.

Maganin taya mai laushi ce. Kamfanin Schumacher na garin Northampton, wanda tayoyinsa suka cika filayen ƙasar nan, da launi yake rarrabe taurin robarsa: mai alamar rawaya ta busasshen fili ce, mai alamar azurfa ta jiƙaƙƙe. Na Pro-Line na Amurka kuma M3 mai laushi ce, M4 ta fi ta. Kafin ka sayi komai, ka zagaya teburin waɗanda ke cin gasa a filinku ka ga abin da suka ɗaura. Mutanen wannan harka ba sa rowar bayani, musamman idan suka ga yaro.

Sai shokozoba. Man silikon ne a cikinsu, shi ma kauri yake yi a sanyi. Ka danna motar a kan tebur a gida ka ga yadda take dawowa, ka sake dannawa bayan ta yi awa guda a fili, hannunka zai gaya maka bambancin. Idan shokozoba ta yi nauyi, taya ba ta bin ƙasa, tsalle take yi a kan gargada. A jikin kwalbar man akwai lambar da ke nuna kaurinsa, ko dai ta ma'aunin cSt ko ta wt. Ni mataki ɗaya nake sauka, misali daga cSt 450 zuwa 400, in gwada. Lambar da ta dace da taku tana cikin littafin da ya zo da motar, daga nan za ka fara lissafi, ba daga tawa ba.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Yawancin rimot suna da inda ake rage iyakar totur. Ka mayar wa yaro da shi kashi 75 cikin ɗari. Zai yi ƙorafi a zagaye biyun farko. Amma a fili mai santsi, motar da ba ta juyewa ita ke riga zuwa, batir zai ƙara daɗewa, hannuwa kuma su huta.

Danshi

Nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka. Motar da ta yi tsere a jiƙaƙƙen fili, aka sa ta a jaka, aka ajiye sai wani makon, ita ce ake kawo mini a watan Maris tana kuka kamar injin niƙa. A cikin irin wannan mota akwai ƙananan boris kusan ashirin, a ƙafafu da gidan giya da sitiyari da cikin injin. Ruwa yana shiga, kwana biyu ya ishe su yin tsatsa. Na taɓa kwance ta wani yaro da mahaifinsa ke shirin sayen sabon inji saboda ta rage gudu. Da na zare boris ɗin ƙafar baya na murza a yatsa, ji na yi kamar yashi, jan ruwa ya fito ya ɓata mini hannu. Muka canja guda huɗu, mota ta dawo garau.

Kada rubutun da ke kan kwali na cewa ruwa ba ya shiga ya rufe maka ido. Na'urorin lantarki yake nufi, bai shafi ƙarfe ba. Motocin gasa na sosai ma yawancin na'urorinsu a buɗe suke. Injin da ke da 'yar wayar sensa, wadda ke sanar da ESC juyin injin, ruwa kaɗan ya taɓa bakinta sai mota ta fara tangarɗa. Mukan sa risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, a cikin balan-balan mu ɗaure bakin, mu toshe ramukan bodi da tef. Dusar ƙanƙara ta fi ruwan sama sharri, don cusuwa take yi ƙarƙashin bodi, ɗumin inji ya narkar da ita a kan na'urorin. Kuma kada yaro ya yi wasa da ita a titin unguwa ko wurin ajiye motoci bayan an watsa gishirin nan na hana santsi. Gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji.

Akwai danshin da ba a gani. Ka san yadda gilashin ido ke yin hazo idan ka shigo masallaci daga waje cikin Disamba. Haka cikin ESC da rimot ke yi idan aka shigo da su ɗaki mai ɗumi. A bar su su yi awa biyu kafin a kunna.

Al'adata idan na dawo gida: in cire batir da bodi da tayoyi, in kaɗe laka da burushi, in busar da na'urar busar da gashi ba da zafi sosai ba, in fesa WD-40 kaɗan a kan notuna da sandunan ƙarfe don ya kori ruwa, sannan in ɗiga siririn mai a kowane boris. Shi WD-40 ba man boris ba ne, kuma kada ya taɓa taya. Minti ashirin ne. Ka koya wa yaron ya zama aikinsa.

Maganar mai injin mai

Abokinka yana nufin alheri, amma ban goyi bayansa ba. Waɗannan injuna, da ake kira nitro, da cakuɗen methanol da nitromethane da man shafawa suke aiki, kuma sun fi masu batir tsanar sanyi. Silindarsu a tsuke take ta sama da gangan, sai ta yi zafi take buɗewa daidai da fistin. Tayar da ita a sandare yana cinye fistin ya wahalar da sandar da ke tura shi, shi ya sa muke gasa kan injin da iska mai zafi zuwa wajen digiri 80 kafin mu tayar. Iskar digiri 0 kuma ta fi ta digiri 25 nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka saitin kafireton bazara ba zai ba da isasshen mai ba, dole a buɗe allurar da ke daidaita mai kaɗan, in ba haka ba inji ya ci kansa. Sau da yawa sai an canja fulogi zuwa mai zafi, an naɗe kan injin don kada ya huce. Methanol ɗin kuma janyo danshi yake yi, idan aka bar shi ya kwana a ciki tsatsa ta kama. Sana'a ce mai daɗi, ina son ta, amma ba ita ce mafitar uba da ɗa da ke hunturunsu na farko ba.

Inda tseren hunturu yake

Gaskiyar magana, yawancin masu wannan harka a ƙasashen sanyi cikin ɗaki suke komawa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. A haya zauren wasanni na makaranta ko na unguwa, a shimfiɗa kafet, a tsara hanya da bututu da tudun tsalle na katako, a yi tsere, a naɗe da dare. Wasu manyan gasanni ma a wannan lokacin suke: a Amurka akwai ta cikin ɗaki da ake yi a yankin Cleveland a ƙarshen Nuwamba, da Snowbird Nationals ta yankin Orlando a tsakiyar hunturu. A nan kuma ƙungiyar masu tseren motocin rimot ta Birtaniya, BRCA, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da harkar, shafinta na intanet yana nuna ƙungiyoyin da ke kusa da kai, kuma katin zama ɗanta yana ɗauke da inshora. Wataƙila ma kun riga kun yi rajista da ita ta hannun ƙungiyarku.

A kafet matsalar juyewa take yi. Maimakon santsi, kamun ƙasa ne ke yin yawa har mota ta kife a kwana. Sai a sauke ta ƙasa kaɗan, a ƙara kaurin man shokozoba, a sa tayar kafet mai gajerun haƙora. Ka fara tambaya ko suna karɓar girman motarku, don wasu zaurukan ƙananan aji kawai suke ɗauka. Ga yaro mai koyo ban san makarantar da ta kai kafet ba: hanya a matse, fili ba ya canjawa daga safe zuwa yamma, duk kuskuren da ya yi zai gane nasa ne. Yaran da suka yi hunturu a ciki, da bambanci suke fitowa a watan Afrilu.

Idan kun zaɓi ku ci gaba a waje, ka tuna direban ma jiki gare shi. Zai tsaya minti biyar a kan dandamali iska na dukansa, ya sauko ya sake tsayawa a fili yana tayar da motocin rukuni na gaba idan sun kife. Yatsan da ya sandare ba ya jin totur. Akwai wata riga da ake sayarwa wadda ake zura rimot da hannu biyu a ciki, ta fi safar hannu mai kauri nesa ba kusa ba. Idan rimot ɗin da ƙananan batura AA yake aiki, ka riƙe wasu a ajiye, su ma sanyi yana raunana su. Kuma a Disamba rana kafin ƙarfe huɗu take faɗuwa a arewacin Ingila, azahar da la'asar da magariba duk a fili za su same ku. Nakan tafi da fulas biyu, ɗaya shayi ɗaya ruwan ɗumi na alwala, don alwala da ruwan famfon waje ana saura minti biyar a hau dandamali tana ɗauke hannu gaba ɗaya.

Duk wannan daga sanyin Ingila nake magana, mai yawo kusa da digiri 0 da yawan ruwa, kuma ban riƙe motarku a hannu ba. Idan ka bi waɗannan, musamman ɗumama batir, amma har yanzu minti takwas ne, ka duba ko boris ne ya cije yake jan wuta: cire ƙaramin giyan da ke bakin injin, ka tura motar a kan tebur da hannu. Idan ta gangara sumul, sauran zargi yana kan batir. Idan ta tsaya nan take, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ka aiko mini da sunan motar, da abin da aka rubuta a jikin batirin, da lambobin da caja ta nuna bayan ta tsaya, in sha Allahu za mu gano inda abin yake.